Kwamin Shanu a Bayan Gida

Da zafin Jalingo ya tsananta, na sa mai walda ya haɗa mini babban kwamin shayar da shanu. Na girka shi a bayan gidana a Nukkai, don jikokina su riƙa iyo idan sun zo hutu. Ni kaɗai nake cika shi, ni nake tsince ganyen mangwaro daga ruwan.

Wata rana Bafulatanar da ke kawo mini nono ta leƙa ta ce, "Baba, ina shanun?"

Haushi ya kama ni, na ce, "Sun tafi kiwo Abuja."

Ta ɗauka da gaske. Ta ce kada in damu, da ruwa ya sauka garke yakan juyo gida.

Damina ta zo ta wuce. Kwaɗi kawai suka zo.