Jirgi Ba Ya Tsayawa a Adare

Laifina ne. Ba rikicin tsufa ba ne, kamar yadda na daɗe ina gaya wa mutanen gida.

Muna yara a Gadarif, can gaba da Hartum, bayan sallar magariba, kakarmu Habboba Ladi takan zauna a bakin gadonta na igiya, gawayin dafa jabana, gahawarmu, yana ci a gabanta, mu kuma mu kewaye wutar. Da ƙafa iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Kano da niyyar hajji. Su yi noma a wani gari, su ƙara gaba, har tafiyar ta ƙare musu a nan. Shi ya sa ba wanda ta rena kamar matafiyin jirgi. Da ta ji ƙara a sama sai ta yi tsaki.

"Ga su can, an ɗure su kamar buhunan dawa."

Akwai tatsuniyar da ba ta gajiya da ita. "Ku matso," takan ce, "wannan a ƙasa take tafe." Wani malalaci ne ya roƙi ungulu ta kai shi birnin gabas. Ya hau, ya runtse ido, kafin hantsi sun sauka. Mai tsaron ƙofa ya tare shi. "Rijiyar wa ka sha? Wa ya ba ka masauki? Wa ka binne a hanya?" A nan Habboba takan murguɗa baki: "To kai ba zuwa ka yi ba. Tsuntsuwa ce ta kasayar da kai." Mu yi ta birgima don dariya.

Na girma, wani ɗan kasuwar riɗi ya aike ni Kano, a jirgi daga Hartum. Ranar sallama Habboba ta miƙo mini ƙullin dabino.

"Ya waladi, jikana, in kun kai garin Adare, can bakin iyaka, ka sauka ka yi sadaka. Can muka bar uwata, gindin wata aduwa."

Na tuntsire da dariya a gaban baƙi. "Habboba, jirgi ba lorin garin Doka ba ne da zai tsaya wa kowa. Hanyar da kuka kashe shekaru a kanta, tsakanin azahar da magariba ce. Wahalar banza kuka sha."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Madalla, ɗan ungulu."

A jirgin na leƙa taga, ban ga komai ba sai jar ƙasa. Dabinon kuwa cinye shi na yi, ina tofa ƙwallon a takarda. Da na dawo, in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Ni ma na yi girman kai, na bar ta.

Sai da ciwo ya kwantar da ita na farga. Duk duniya ita kaɗai ta san inda aduwar nan take. Nisan da nake taƙama da gajartarsa, a wurinta mutane ne kwance a ƙasa, kuma in ta tafi ba ta yi mini magana ba, wurin ya ɓace ke nan.

Na durƙusa a gefen gadon. Ta juya mini baya.

"Habboba, na cinye sadakarki. Na wuce ta kan uwarki ko sallama ban yi mata ba. Ki yafe mini. Ki kwatanta mini wurin, a lori zan je."