Ranar da Na Shanya Fim ɗin Baƙuwarmu

Ni dai tun da ta sauko daga motar Yelwa ban yarda da matar nan ba. Mace ita kaɗai, ba miji ba ɗan rakiya, ga kyamara rataye a wuya, wai ma'aikaciyar jarida ce daga Sakkwato, ta zo ɗaukar hoton masunta. Lokacin ina da shekara goma sha tara, ina taya Inna bandar kifi a ƙauyenmu na bakin ruwa, wajen Ngaski.

Kada a ga laifinmu da yawa. Kafin a datse ruwa a Kainji, haka wasu suka zo tsohon garinmu suna ɗaukar hoton ɗakuna da rumbuna, suna ta fara'a. Bayan tafiyarsu aka tashe mu, ruwa ya cinye har kabarin kakana. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Sarkin ruwa ya jujjuya takardarta, ya ce mace ba ta shiga jirginsu, kuma ina izinin mijinta? Masunta kuwa da ta ɗaga kyamara sai su ba ta ƙeya. Inna ce ta sauke ta a ɗakinmu, don ita ba ta iya korar baƙo ba. Dole baƙuwa ta koma ɗaukar mata: masu gyaran kifi, masu faskare, da Inna cikin hayaƙi tana hawaye tana dariya.

Wata rana suna cin tuwo na ji tana ba Inna labari. Wai shekara uku tana buga tafireta tana roƙon edita, shi kuma yana ce mata hoto aikin maza ne. Da ƙyar ya ba ta aron kyamara da fim uku, ya ce in ta dawo hannu Rabbana, to ta manta da zancen har abada. Na ce a raina, kanki ake ji! Me jarida za ta yi da hoton Inna tana juya kifi? Washegari kuma na hango ta kan tudu, ta saita kyamara sosai a kan gidajenmu. Shi ke nan, na gama yanke mata hukunci.

Ranar da za ta tafi, da hantsi, ta shiga wanka. Na buɗe jakarta na sami 'yan gwangwanayen fim uku. Na taɓa ganin mai hoto a kasuwar Yelwa yana ɗaga dodon hoto sama, rana ta haska shi, mutanen ciki su bayyana. Na ce yauwa, in ɗakunanmu ne a ciki, sarkin ruwa zan kai wa. Na sa wuƙar gyaran kifi na ɓalle na farko, na warware shi a tsakar gida, na ɗaga wa rana. Ba kowa. Na ɓalle na biyu, na ɓalle na uku, na shanya su bisa igiya ina dubawa.

A haka ta fito ta same ni, zane ɗaure a ƙirji.

"Ƙanwata, mi kinka yi?"

Ni kuwa da tsiwata na ce, "Ba kowa a ciki! Dama ƙarya kike mana."

Ta daɗe tana kallon igiyar. "Suna ciki," ta ce. "Cikin duhu ake wanke shi kafin su fito. Yanzu rana ta cinye su."

Inna ta saki salati, ta ce, "Ɗiyata, ki ƙara kwana biyu mana, mu sake tsaya miki." Baƙuwa ta ce ba ta da wani fim. Ba ta zage ni ba, kuma wallahi da ta mare ni da na fi samun sauƙi. Ta nannaɗe su ɗaya bayan ɗaya, ta sa a jaka, ta yi wa Inna godiya, ta tafi bakin hanya jiran mota.

Ba wanda ya zo ya tashe mu. Bayan na yi aure a Yelwa, duk sanda jaridar nan ta shigo hannuna ba na fara karanta labari, sai na bi 'yan ƙananan rubutun da ke gefen hotuna tukuna, inda ake sa sunan wanda ya ɗauka. Na yi shekaru ina wannan dubawa. Duk sunayen maza ne.