Turken Akawali

A tsakar gidanmu na Gwale akwai wani turke da ya fasa mini yatsun ƙafa sun fi dubu, alhali goma Allah ya ba ni. Babu doki a gidan, sai turken. Kusa da shi Hajiya Kaka take hura murhu bayan magariba, mu jikoki mu kewaye ta muna ture-ture, hayaƙi yana sa mu hawaye ba wanda ya mutu.

Kakannin mutane Gizo suke ba jikokinsu. Tamu labari ɗaya gare ta: Akawali, baƙin ingarman marigayi kakanmu, mai farar ƙafa guda.

"Ranar sukuwa," in ji ta, "kafin sauran dawaki su gama ɗaga ƙafa, ya je ya dawo yana tambayata dusa."

"Kai, Hajiya!" in ji ni.

"Rufe mini baki, mijin da ko cefane ba ya yi."

Shekara da shekaru Akawali yana cinye sukuwa. Tsakanin gudu da gudu kuma a wanke shi, a goge shi yana ƙyalli, a kai shi nunin dabbobi ya dawo da kyauta. Masu goɗiya har daga Damagaram suke zuwa neman iri. Amma kakanmu ya yi imani in ingarma ya yi baye, ƙarfin gwiwarsa zai zube, don haka ya riƙa korarsu. Bai yarda ba sai da Akawali ya tsufa. Ɗa ɗaya tak ya bari, mai goɗiyar ya tafi da shi, shiru kake ji.

A nan muryarta takan yi ƙasa. "Turken nan ba mai cire shi sai jinin Akawali ya tsaya a kansa, ko sau ɗaya ne."

Bara Kawu Sani ya sayo siminti zai yi daɓe, ya ce ranar Asabar turke zai fita. Hajiya ta daina labari, tuwo ma sai ta taɓa ta ture. Ni ma na kasa zama wuri ɗaya. Na zaga bargogi daga Goron Dutse har Kabuga, takalmina ya koma rariya. A ƙarshe na samu aron wani baƙin doki na kilisa wajen yayan abokina. Ba shi da farar ƙafa, amma ai akwai farar ƙasa a kasuwa. Na shafa masa a ƙafa guda.

Juma'a da la'asar na shigo da shi, yaran unguwa biye da ni kamar na ci zaɓe. Na ɗaure shi a turke.

"Hajiya, ga jikan Akawali!"

Ta zagaya shi a hankali. Ta duƙa, ta dangwali ƙafar, ta duba yatsanta.

"Maigida," ta ce, "tasa ta dama ce."

Na nemi ramin da zan shige, babu. Ita kuwa ta shiga ɗaki ta ɗebo kanwa da dusa. Dokin ya ci a tafin hannunta, tana shafa wuyansa tana yi masa magana ƙasa-ƙasa har aka kira magariba. Sannan ta juya.

"Sani, gobe ka cire abinka."

A lokacin kunyar kama ni kawai nake ji. Yanzu ina ganin ba jinin Akawali take jira ba, so take ta sake ciyar da doki a wurin da ta saba. Siminti ya shafe komai, ko alama babu. Amma har yau in na zo daidai wurin, sai na ɗaga ƙafa.