Mai Koya wa Iri Shan Gishiri

A bakin fiton Shyamnagar wata dattijuwa tana zaune, tukunyar ƙasa a gabanta. Dugaduganta duk faso, bakin zanenta ya yi fari da gishiri. Irin shinkafa ne jiƙe a tukunyar. Jifa-jifa takan tsoma yatsa, ta kai baki, ta gyaɗa kai.

Mokbul mai fito ya leƙa. "Inna, tun ba a dafa ba har an sa gishiri?"

"Koya masa nake yi, ɗan nan," in ji ta. "Gara ya ɗanɗana kaɗan a hannuna kafin gona ta ɗura masa."

Ban san sunanta ba. Ina jin dai gonarta na maƙwabtaka da kududdufan jatan lande irin nawa, inda muke buɗe wa ruwan teku hanya ya kwanta a ƙasar noma. Wataƙila jikoki na jiran abin da zai tsiro.

Kwandunan jatan landena da na ajiye a bakin fiton suna ɗiga, ruwan gishirin yana gangarawa wajenta. Ba ta ko dube ni ba. Ta ɗauke tukunyar, ta ɗora a cinya, ta rufe da bakin zane.