Dariyar da Inna ta yi a filin majigi

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina tare da haƙorana, amma daren da aka kawo majigi unguwarmu a Sakkwato yana nan daram, kuma da shi za a binne ni. Jikokina kan tsokane ni wai ni baƙauye ne, tunda ba na zama kallon fim da su. Nakan bar su su yi dariyarsu, don ba su san abin da na gani ba.

Lokacin Turawa suna ɗibar samari soja zuwa yaƙi a ƙasar Bama. Mu biyu ne wurin Inna, Yaya ɗan farinta, sai ni. Baba ya rasu ya bar mana dukanci, muna ɗinka jaka da takalma, Inna kuma tana tuyar masa a ƙofar gida. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi ko da ciwo yake yi. Inna ta kai abin maƙura. In ta gama tuwo sai ta ce da ni, "Ce ma wancan nashi na nan." Ni kuwa har da girmana tana tsame mini nama daga miya. Wauta ta hana ni gane cewa abin yana cin Yaya, domin shi mutum ne mai zurfin ciki.

Da abokansa biyu suka shiga soja, sai ya fara jinkiri a kan aiki, allura a hannu, ido a bango. Wata rana ya ce mini, "In Inna tac ce in zamna, wallahi ba ni zuwa ko'ina. Kalma guda nika jira."

Na kai mata maganar da gudu. Ba ta ɗago daga tanda ba, ta ce, "Namiji na, shi yas san abin da za ya hisshe shi." Amma ranar masarta ta yi ta ƙonewa har masu saye suka yi ƙorafi. Na gaya wa Yaya haka, ya ce ƙonewar masa ba magana ba ce.

Ana cikin wannan motar majigi ta zo. Aka kafa farin ƙyalle a fili kusa da kasuwa, bayan isha'i inji ya fara ruri. Ni da Yaya muka samu wuri can baya, ba nisa da inda tsofaffin mata masu sayar da abinci suka jera fitilunsu, Inna a cikinsu. Aka fara nuna sojoji suna fareti, sannan tafinta ya ce ta lasifika yanzu za a ga labarin zamanin kakannin Turawa.

Labarin wani yaro ne, ɗan farin iyayensa, a wani ƙauye mai keken doki da mata masu dogayen riguna. Muka ga ya girma a gabanmu, ya fara son 'yar maƙwabtansu. Da ya riƙe mata hannu samari suka ɓarke da fito, wasu dattawa suka kaɗe riguna suka tafi suna a'uziyya. Sai talauci ya matsa wa gidan, dole saurayin ya tafi neman aiki wata ƙasa. Keken doki ya ja, sai ga uwarsa ta fito a guje ba ko mayafi, ta rungume shi, tana shafa kansa, tana kuka. Tafinta ya ce, "Ga uwa nan tana kiran sunan ɗanta na fari, tana roƙonsa kada ya tafi."

Fili ya ɗauki ihu. "Ɗan hwari hwa! Subhanallahi!" Wani ya ce, "Wagga mata an cire mata kunya tun ran suna!" Mutane suna riƙe ciki don dariya. Na juya in yi dariyar tare da Yaya, sai na ga ya miƙa wuya gaba, bakinsa a buɗe, hawaye na bin kumatunsa. Ban taɓa ganin kukansa ba, ko ranar da aka binne Baba.

Daidai nan wata tsohuwa mai dafaffiyar gyaɗa ta zunguri Inna, da murya kamar ta mai shela, ta ce, "Ke, ga 'yar'uwarki can! An ce naki ma soja shika so. Haka za ki bi shi kina kururuwa?"

Matan duka suka zuba mata ido. Na sha tambayar kaina me za ta iya cewa a gaban wannan taro, kuma har yau ban samu amsa ba. Inna ta ƙyalƙyale da dariya mai ƙarfi, irin wadda ban san ta da ita ba, ta ce, "Allah shi kiyashe ni! Ni in bi ɗan hwari da kuka? In ya tashi tahiya, ga hanya nan."

Matan suka tafa mata, wata har da guɗa. Yaya ya waiwaya ya dube ta, dubawa guda, sannan ya goge fuska da hannun riga ya tashi. Bai ga ƙarshen labarin ba, inda saurayin ya komo aka yi biki. Jama'a suka watse cikin nishaɗi, yara suna rungumar juna suna kwaikwayon kukan matar.

Da safe ya ɗaure 'yan kayansa, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, za ni tahiya." Ya jima a durƙushe. Daga ciki ta ce, "Allah shi tsare." Labulen bai motsa ba, ya tashi ya tafi bariki.

Bai dawo ba. Bayan yaƙi ɗaya daga cikin abokansa ya zo ya ce zazzaɓi ya kashe shi a daji, cikin ruwan sama, suka binne shi a can. A zaman makoki Inna ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba, mata suna ta yaba mata, wai ta cika 'yar halas. Na ji haushinsu kamar in kore su da sanda. Daga nan ta bar tuya, ta rage magana, ta riƙa ramewa a hankali tsawon shekaru.

A ciwonta na ajali, ina zaune ina yi mata fifita, ta kama hannuna ta ce, "Daren majigin nan, ya ji abin da nic ce?"

Na ce, "Bai jiya ba, Inna. Inji na ta ƙara."

Ta ce, "Kak ka yi man ƙarya ina bakin kabari. Na ga sa'adda yaw waiwayo." Ta ƙara riƙe hannuna, sannan ta ce, "Matar da munka yi ma dariya, nata ɗan ya komo."

Ban zagi al'adarmu ba, kunya ado ce, da ita aka raine mu. Amma na koyi cewa in ranka yana son mutum, ka faɗa masa da bakinka tun yana durƙushe a ƙofarka, ko duk gari zai yi maka dariya. Masu dariyar sun koma gidajensu sun yi barci a daren nan, Inna ce ba ta sake yin mai daɗi ba har ta koma ga Allah.