Ƙafar Baba Ƙulli

Duk wanda ya taɓa kai iyalinsa shan iska bakin kogin da ya ratsa gari ya san Baba Ƙulli. Shi ne mai tsayuwa a ƙarshen dandamalin katako, inda ake ɗaure jiragen haya: kwale-kwale masu filafili, da waɗansu masu siffar agwagwa da ake tuƙawa da feda. Aikinsa ba wuyar faɗa. Ya ɗaura maka rigar ceto, ya riƙe hannunka ka shiga, ya kwance igiya daga turke ya jefa ciki, sannan ya sa ƙafar dama ya tura jirgin yana cewa, "A dawo lafiya." In kun dawo ya cafe igiyar ya ƙulle, ko kallonta ba ya yi.

Tun gemunsa na baƙi yake wannan aiki. Ya tura ango da amarya, daga baya ya tura 'ya'yansu. Ya ga waɗanda suka shiga suna dariya suka fito ba mai ce wa wani uffan, don an yi gardamar wa ya kai su cikin ciyawa. Hulunan da ya tsamo da doguwar gorarsa kuwa, da ya buɗe shago da ya yi ciniki.

Mutum ɗaya ce bai taɓa sawa a jirgi ba, matarsa. Tela ce, kekenta na bakin taga, kullum ƙafafunta na kan feda. Tun suna sabon aure ya yi mata alkawarin yawo cikin agwagwa. To, ranar hutunsa wurin a rufe yake, jirage a sarƙe; ranar da aka buɗe kuma ko sosa kai ba ya samu.

"Mako mai zuwa, uwar yara," haka yake cewa.

Makon nan ya yi ta zuwa har yaran suka yi aure. Daga baya ta daina tambaya, shirun ya fi mitar ci masa rai.

Da gwiwoyinsa suka fara gardama, babban ɗansu ya ce aikin ya isa, su komo wajensa, can inda ruwan da za a gani sai na famfo. Ranar sallama shugaban wurin ya tambaye shi abin da yake so. Baba Ƙulli bai nemi agogo ba, bai nemi kujera ba. Ya ce a ba shi agwagwar nan mai ruwan ɗorawa da la'asar. Ya san in yau ta wuce, alkawarin ya mutu ke nan.

Ta iso cikin sabuwar rigar da ta ɗinka wa kanta, tana taka katako a hankali kamar zai cije ta. Mai sayar da tikiti, da mai gadi, da direban jirgin ceto duk suka jeru suna kallo.

"Malam, abin nan ba ya kifewa dai ko?"

"Haba, uwar yara! Ina tsaye?"

Ya ɗaura mata rigar ceto, ya riƙe hannunta ta shiga. Ya kwance igiya ya jefa ciki. Daga nan ƙafar dama ta yi abin da ta saba, ba ta shawarci kowa ba.

"A dawo lafiya," in ji Baba Ƙulli.

Sai da ya ga ruwa ya buɗe tsakaninsa da agwagwa sannan ya gane abin da ya aikata. Ga matarsa can ita kaɗai, ga kujerarsa babu kowa, ga shi a kan katako da hannu a sama.

"Malam!" ta ƙwala masa kira. "Ni da wa zan dawo?"

Mai gadi ya durƙushe don dariya. Shi kam kunya ta rufe shi, ji yake kamar ya cire ƙafar ya jefa kogi. Direban ceto har ya kama igiyar injinsa.

"Taka fedar!" Baba Ƙulli ya ɗaga murya. "Kamar kekenki!"

Ai kuwa an zo gidanta. Agwagwa ta yi juyi biyu kamar ta sha wani abu, sannan ta miƙe sak, ruwa na tashi a bayanta. Sai dai ba dandamali ta nufa ba, gadar da ke kan kogin ta dosa. Ta waiwayo tana ɗaga masa gefen mayafi.

"Jira ni! Mako mai zuwa zan dawo!"

Ya jira kuwa. Bai taɓa sanin jira a bakin ruwa yana da tsawo haka ba. Ta kewaye ƙafar gada, ta gaisa da masu kamun kifi, sai da ta more sannan ta juyo. Fuskarta na sheƙi, rabon da ya gan ta haka tun suna ɗaki ɗaya da tabarma. Ta wurgo igiya, ya cafe, kafin ya ankara hannunsa har ya fara naɗa ta a turke.

"Malam," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "kar ka ɗaure. Shigo."

Ya dubi igiyar, ya dube ta. Ya warware abin da ya naɗa, mai gadi ya riƙe masa hannu, ya shiga da ƙyar, gwiwoyi na ƙara. Mai tikiti ta tattare zanenta ta sa ƙafa ta tura su, duk suka haɗa baki: "A dawo lafiya!"

Ba a taɓa faɗa masa ba sai yau. Ya waiga ya hango dandamalin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai, ashe ɗan ƙarami ne. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce iska ce.

"Iska ce mana," ta ce. "Ɗage ƙafarka ka huta, ni zan tuƙa."