Zomo Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Duk wanda ya yi aiki a hawa na huɗu na sashen binciken ƙwaƙwalwa ya san Noreen Vasko, in bai san ta da ido ba ya san faɗanta. Gajera ce, kakkaura, 'yar wani maƙerin ƙarfe daga yammacin Pennsylvania. Ba ta da digirin dakta, ba ta kuma taɓa ɓoye hakan ba. Amma ka kuskura ka bar firizarta a buɗe, ko kai wane ne sai ta wanke ka tas.

Aikin ɗakin binciken Farfesa Leland Ostrowski, inda take aiki, guda ɗaya ne. A jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan ƙofofi da lantarkin jiki ke buɗewa yana rufewa, sinadarin fotasiyam na fita ta cikinsu. In suka lalace, mutum kan kamu da farfaɗiya. Ido ba ya ganinsu, sai an yi dabara. Akan yi wa zomo allurar ɗan gutsuren ƙofar, jikinsa ya haɗa garkuwa don yaƙarta. Sai a ɗebi jinin, a tace garkuwar, a zuba tare da rini a kan siririn yankan ƙwaƙwalwar ɓera da aka shimfiɗa a gilashi. Duk inda ƙofar take garkuwar za ta kama, wurin ya yi haske kore a ƙarƙashin madubin likita.

A faɗa kamar da sauƙi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu: zomaye arba'in Noreen ta yi wa allura a ƙuruciyarta, duk a banza. Na arba'in da ɗaya ne ya ba da garkuwar da ta haskaka gilashi har Farfesa ya yi tsalle ya fasa kofin gahawarsa. Tun daga nan ake kiranta Arba'in da Ɗaya. Daga Kanada, daga Japan, daga Jamus ake roƙon ɗigo, Noreen na naɗewa da busasshiyar ƙanƙara tana aikawa. Maƙaloli sun fi ɗari da aka rubuta da ita. Sunan Noreen kuwa kullum yana can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe: muna godiya ga N. Vasko da ta taimaka. Abin yana mata ciwo, gaskiya yana mata, amma takan ce, "Su riƙe sunayensu. Zomon dai nawa ne."

Saura wata uku ta yi ritaya aka kawo wasu ɓeraye daga wata jami'a, waɗanda aka cire musu wannan ƙofar tun daga halitta. Ba wanda ya ce ta gwada garkuwar a kansu. Ita ce ta so ta tafi da hoto guda ta rataya a falonta: ƙwaƙwalwar lafiyayyen ɓera tana haske, ta marar ƙofa baƙi ƙirin, shaidar cewa garkuwarta ba ta kama komai sai abin da aka aike ta.

Ta yi yadda ta saba. Ta ba Dwayne Pettiford, mai kula da dabbobi, abokin tsokanarta na shekara ashirin, gilasai biyu, na lafiyayyen ɓera da na marar ƙofa, ya sa musu lamba, ya ɓoye wanne ne wanne a aljihunsa, don kada ido ya ga abin da zuciya ke so.

"Uwar zomaye, in kika kasa rarrabewa ke za ki sayi abincin rana," in ji Dwayne.

"Tafi can, mai warin ɓera. Ko da ido ɗaya na rarrabe su."

Ta duba na farko, kore shar. Ta duba na biyu, shi ma kore shar, ba bambanci ko na ƙwayar zarra.

"Dwayne, ka haɗa min ɓera ɗaya sau biyu."

"Ni? Wallahi ban yi ba. Ga takardar, duba da kanki."

Ta duba. Dwayne ya buɗe baki zai yi wasa, ya ga fuskarta, ya rufe.

Sau uku ta sake, da sabbin ɓeraye, da sabon rini. Amsa ɗaya ce. Garkuwarta tana kama wani abu daban da ke zaune kusa da ƙofar, kuma shekara da shekaru shi duniya ke ɗauka hoto.

Kwana tara ta yi da maganar a ciki. Ta daina faɗa, wanda hakan ya fi faɗan tsorata mutane. Dwayne ya same ta a ɗakin cin abinci ta tasa abincinta na naɗaɗɗen ganyen kabeji a gaba har ya huce.

"Noreen, ni ban ga komai ba," ya ce a hankali. "Saura sati goma. Ki ci kek ɗin sallamarki ki tafi gida. Wa zai sani?"

"Jiya wata likita ta rubuto daga Montreal tana son ɗigo," ta ce. "Yara masu farfaɗiya take bincike a kansu. Ka ce in naɗe mata in aika?"



Washegari ta shiga ofishin Farfesa ba ƙwanƙwasawa, ta ajiye masa hotuna shida a kan tebur. Tsohon ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa.

"Kin sake gwadawa?"

"Leland, ni za ka tambaya ko na sake?"

"Maƙalolina goma sha bakwai fa a kanta suka dogara, Noreen."

"Ni kuma rayuwata ce gaba ɗaya. Ba ni da wani abin da na yi ban da wannan aikin." Ta tura hotunan gabansa. "Ka rubuta wa mutane su daina amfani da ita. In ba za ka iya ba, ba ni adireshinsu."

Bai yi magana da ita ba har kwana huɗu. A na biyar ya aiko a kawo masa littattafan aikinta duka.

Ranar walimar sallama Dwayne ya kawo kek mai siffar zomo, kunne ɗaya ya karye a mota. Bayan an yi jawabai, Farfesa ya miƙo mata takarda shafi biyu, wadda za su aika wa mujalla. Kanun ya ce garkuwa mai lamba arba'in da ɗaya ba ta kama ƙofar da aka ce tana kamawa. A ƙarƙashinsa, da manyan baƙaƙe, sunan farko: Noreen Vasko. Nasa yana biye.

Ta karanta sau biyu, hawaye na zuba ba ta share ba.

"Kai, Leland," ta ce. "Shekara talatin da ɗaya ina jira, sai a takardar mutuwar aikina ka ga sunana?"

"A sauran maƙalolin na yi kuskure," ya ce. "Wannan ce kaɗai na tabbata gaskiya ce."

Ta ninke takardar ta sa a aljihun farar rigarta. Kafin a yanka kek ta koma wurin firiza, ta fito da kwalaben garkuwar goma sha biyu da suka rage, ta rubuta a jikin kowace da jan alƙalami cewa kada a yi amfani da ita. Dwayne ya riƙe mata murfin har ta gama.